Makin Madam Da Na Sayar

Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Ku dai sani na gama sakandare a Kano, na zo Riyad aikin gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau. Shekara biyu ko cokali bai ɓata a hannuna ba. Matar gidan, Madam muke ce mata, ba ta son latse-latsen waya. Da ta ga na iya karatu, sai ta riƙa miƙo mini tata: "Yalla, duba ki gaya mini."

A nan na ga makin. Duk sayayyar da ta yi da katin bashinta, banki na tara mata maki, kuma da makin ake yankar tikitin jirgi. Nata ya taru jingim, ba ta ma san da shi ba. Dokar a rubuce take, na karanta da idona: ba a sayarwa, ba a ba kowa sai iyalin mai katin da aka shigar da sunansu. Na taɓe baki. Na ce ai ba kuɗi ba ne, lamba ce kawai.

Wata ƙawata na fara yankar wa tikitin Kano, na shigar da ita a matsayin ƙanwar Madam. Lambar sirri ta shigo wayar, na kwafa, na goge saƙon. Shiru. Daga nan na fara sayarwa rabin farashi, kowa ya zo na mai da shi ɗan'uwan Madam.

Na ƙarshensu Baba Ilu ne, wani dattijon direba a unguwar Shumaisi. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya buga masa bizar fita ta dindindin, kwana uku suka rage ta mutu.

Ya ce, "'Yata, tikitin nan dai ba matsala ko? Ba ni da kuɗin wani."

Na ce, "Baba, in ba ka so akwai masu so."

Ranar tafiyarsa, bayan la'asar, ina guga sai wayar Madam ta yi ƙara, kuma tana hannunta. Na ji ta ce, "Banki? Na'am." Sai ta tsaya tana saurare. Daidai lokacin tawa wayar ta fara rawa a aljihu. Na leƙa, Baba Ilu ne daga filin jirgi. Ya kira, ya sake kira. Ban ɗauka ba. Rigar da nake gogewa ta fara ƙauri.

Madam ta tsaya a bakin ƙofa. "Yaushe na yi yaya ɗan Najeriya mai shekara sittin?"

Na ce, "Madam, ai ba kya amfani da makin."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ban yi tunanin gudu ba, don unguwar ƙofa gare ta da masu gadi. 'Yan sanda suka same ni a zaune a kicin.

A ofishinsu na ji sauran. Banki ya soke tikitin da ba a riga an hau ba. An mayar da Baba Ilu daga kan layi da jakunkunansa, bizarsa ta mutu, tara ta hau kansa. Ni kuma na yi wata goma sha ɗaya a gidan yarin mata, sannan aka sako ni a jirgi, an buga mini hatimin hana dawowa.

Na tuba ga Allah. Madam ta aiko cewa ta yafe. Baba Ilu kuwa har yau ina cigiyarsa, lambarsa ba ta shiga.

'Yan mata, ku saurare ni, ba na son maimaitawa. Wayar da aka ba ki riƙo amana ce. Abin da mai shi bai damu da shi ba, nasa ne dai. Kuma in an ce miki ga tikiti rabin kuɗi, ki tambaya makin wa aka taɓa, tun kafin a kira sunanki a fitar da ke daga layi.