Ranar Da Baba Ya Gyara Mini Motar Da Ba Ta Lalace Ba

Shekarun baya, ina gwauro a garin Greensboro na Amurka, tun High Point Road ba ta canza suna ba, na sayi wata 'yar jar mota mai kujera biyu. Ta hannu ce, 'yar Japan, gajeruwa ƙwarai, sai ka durƙusa kamar za ka gaida kakarka kafin ka shiga. Mutanenmu ba su ga amfaninta ba ko kaɗan. Buhun shinkafa ba ya shiga but ɗinta sai da dabara, ranar Juma'a kuma mutum ɗaya tak nake iya rage wa hanya. A masallaci sunana ya ɓace gaba ɗaya, na koma mai jar mota.

Abokina na wurin aiki, ɗan Jos, shi ya hure mini kunne. Ya ce akwai wani fili can wajen iyakar Virginia, titi ne mai kwana-kwana da aka kewaye, inda ake ware rana masu motocin gida su shiga su koyi tuƙi da gudu, kowa da malami a gefensa. Ba gasa ba ce, ba a ba kowa kofi. Track day suke ce masa. Tun da ya nuna mini hotuna na kasa sukuni, sai da na sa sunana a na wata Asabar.

Daga nan duk hutun ƙarshen mako ina ƙarƙashin mota a filin ajiye motoci na gidan hayarmu. Abokina ya ce kada in ɓata lokaci kan inji, abin da mota ke bukata a can shi ne ta iya tsayawa. Muka zubar da tsohon man birki muka sa mai jure zafi. Muka canza tayoyi. Muka kai ta aka karkatar da tayoyin gaba, samansu ya ɗan shige ciki don su kama ƙasa a kwana, sai motar ta koma kamar mai gwame. Na fitar da shimfiɗun ƙasa da duk wani tarkace da zai iya gangarowa ƙarƙashin ƙafata. Na sayi hular kwano, kuma ba zan ɓoye muku ba, na sha kallon talabijin da ita a kaina ni kaɗai a falo.

Abu na ƙarshe shi ne takalman birki na musamman, masu tauri, waɗanda ba sa gajiya idan sun ɗau zafi. Aibinsu ɗaya. Idan suna da sanyi kuka suke yi, irin na tsohuwar ƙofar langa-langa. Duk danjar da na tsaya sai mutane sun waiwayo, ni kuwa in ɗaga kai, don a kunnena wannan kukan daɗi gare shi.

To, a daidai lokacin ina neman aure. Mahaifin yarinyar Alhaji ne mutumin Maraɗi, ni Baba nake ce masa. Ya yi shekaru yana tuƙin haya a gida kafin ya zo Amurka, a nan kuma yana da fili a bayan gidansa a McLeansville inda yake gyara motoci yana aikawa gida. Mutum ne mai fara'a da kyauta, amma ya tsani gudu a titi. A ganinsa wanda ba zai iya haƙuri a bayan mota ba, ba zai iya haƙuri da 'yar mutane ba. Kowa ya san labarin saurayin da ya riga ni, wanda ya wuce Baba a guje har da hon a hanyar dawowa daga wani suna. Daga ranar ba a sake jin maganarsa a gidan ba. Ni kuwa ga jar mota, ga shi ina jiran Baba ya ba ni izinin turo magabatana, ya yi shiru. Don haka maganar filin nan na binne ta. Yarinyar kaɗai ta sani.

Ranar Lahadin da ta rage mako a je, na tafi gaisuwa. Ina taka birki a ƙofar gida zabin maƙwabcinsu suka watse. Baba ya fito daga gareji yana goge hannu, ya amsa gaisuwata, amma idonsa na kan mota. Ya zagaya ta, ya tsuguna ya dubi tayoyin gaba, ya girgiza kai cike da tausayi. Sai ya ce in ba shi makullin, in ɗauki motar matarsa Hajiya in kai ta sayayya High Point Road. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san ba a tambayar uban yarinya dalili. Na miƙa makulli da hannu biyu.

Mun daɗe a shaguna, Hajiya ba ta sauri wajen zaɓen kifi. Da muka dawo na tarar da motata an wanke ta tas, Baba na tsaye a gefenta yana murmushi.

"Bon, ɗana, na raba ka da wahala," in ji shi. "Wanda ya sa maka filaket ɗin nan ya cuce ka, tauri kamar dutse. Na sa maka masu laushi. Ƙafafunta ma na miƙe su da zare. Allah ne ya tsare ka da kake yawo a haka."

Filaket shi ne takalmin birki a bakinsu na Nijar. Na leƙa ciki, har da sababbin shimfiɗu ya sa mini, da 'yar kwalbar turare tana lilo a madubi. Aikin watanni Baba ya warware shi tsakanin azahar da la'asar, kuma saboda Allah ya yi. Na durƙusa na yi godiya, na sa albarka, na ƙara godiya. Cikina kuwa kamar in yi kuka. Ina ɗaga kai na hango yarinyar a bayan labule ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da na kira ta a waya dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Wallahi you're in trouble. Ka gaya masa kawai, Daddy ba ya cizo." Na ce ai wancan saurayin ma ba cizonsa aka yi ba. Abokina shi kuma ya ce da birki mai laushi ba zai bar ni in shiga fili ba, don idan ya ɗau zafi zan taka in ji wayam. Sababbin takalma masu tauri kuma sai an yi oda, ba za su iso kafin Asabar ba. Nawa na nan a tarin ƙarafan da ke bayan garejin Baba.

Sai na yanke shawara irin ta marasa wayo. Na san ranar Laraba Baba yana zuwa gwanjon motoci, na tashi daga aiki na wuce gidan, na zagaya ta baya. Ina tsugune cikin tsofaffin salansa da gwangwanaye, da rigar aikina fara, na samo uku ina laluben na huɗu, sai na ji gyaran murya. Ashe an ɗage gwanjon. Baba ne tsaye da kofin shayi, yana kallon mai neman 'yarsa yana tonon bola.

Ban san ta inda na fara ba. Na sake gaishe shi, na tambayi Hajiya, na tambayi gajiya, sannan gaskiya ta fito a hargitse. Na ce motar lafiyarta ƙalau, ni na mai da ita haka da gangan, akwai fili, akwai malami, akwai hular kwano. Ya saurare ni har na ƙare. Ya karɓi takalmi ɗaya ya jujjuya shi a hannu.

"Wato tsere za ka je," ya ce.

"Ba tsere ba ne, Baba, koyo ne."

"Dakor, na ji. Abin da na kwance ni zan mayar. Asabar kuma tare za mu tafi, in ga koyon da idona."

Yammacin nan ina riƙe masa zare da sifana, yana mayar wa motata gwamenta. A raina na riga na yi sallama da auren.

Ranar Asabar ya biyo ni a tsohuwar farar motarsa ta kaya, da jak, da kujerar naɗi, da kular dambu da Hajiya ta haɗo mana. A wurin duba motoci aka ce a fitar da komai, har kwalbar turarensa sai da aka cire, na kasa haɗa ido da shi. Sannan aka tara mu sababbi don bayani, Baba ya tsaya a baya yana saurare. Aka nuna mana tutoci, aka nuna motar asibiti da ke jira. Aka ce doka mafi girma ita ce ba a wuce kowa sai da izininsa. Idan mota ta matso bayanka, ka fitar da hannu ta taga ka nuna mata gefen da za ta bi, sai ta wuce. Idan ba ka nuna ba, ko ya fi ka gudu sau goma, dole ya zauna a bayanka. Na ga Baba ya gyaɗa kai a hankali, amma ban san fassararsa ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda jaruminku ya kasance. A falo ni gwani ne. Da na ga kwanar farko tana taho mini, duk addu'ar da na haddace tun ina yaro sai da ta fito. Malamina, wani dattijon Bature mai sanyin murya, yana ta cewa in ƙara wuta, ƙafata kuwa ta ƙulla zumunci da birki. Birkin dai ya yi aikinsa, wannan ba a magana. Sai dai duk lokacin da na dubi madubi a cike yake da motoci. In fitar da hannu, su wuce. In mayar, wasu su taru. Akwai wata tsohuwa mai furfura a 'yar ƙaramar motar cefane, ta wuce ni har na daina ƙirgawa, kuma kowane karo sai ta ɗaga mini hannu da ladabi. Abokina ma ya wuce ni kamar bai taɓa sanina ba. Duk zagayen da na yi ina hango Baba a kujerarsa bakin shinge, da shayinsa, bai ɗauke ido ba.

Abin mamaki, na ji daɗi ranar ƙwarai. Can wajen yamma na fara gane inda ake shiga kwana da inda ake fita, motar ta kama ƙasa yadda aka ce za ta yi, na ji ina dariya ni kaɗai a cikin hular kwano. Da na fito na ga fuskar Baba sai dariyar ta koma ciki. Muka yi la'asar a kan ciyawa, muka ci dambu har da malamina, Baba bai ce mini na yi kyau ko ban yi ba. Ya shiga motarsa ya yi gaba.

Na bi shi a baya. Baba yana tafiya irin tasa, kamar mai ɗauke da ƙwai. Manyan motoci na wuce mu, masu jan tirela na wuce mu, ni da jar motata mai tayoyin fili ina biye, birkina na kuka a duk mahaɗa. Ko a mafarki ba zan wuce shi ba. Ina tafe ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata a waya cewa mota ta raba ni da aure.

Mun kusa McLeansville, inda titi ya miƙe tsakanin gonaki ba kowa a gaba, sai na ga gilashin tagarsa yana sauka. Hannunsa ya fito, da baƙin mai har yanzu a farcensa, ya ɗaga yatsa ya nuna mini gefen hagu. Na ɗauka idona ne. Ya sake nunawa. Na sa sigina, na wuce shi a hankali kamar mai wuce jana'iza, muna haɗa ido ya yi murmushi. Ni da ban yi hawaye a kwanar farko ba, a nan idona ya cika.

Washegari yarinyar ta kira ta ce Baba ya ce in turo magabatana. Ta kuma ba ni labarin abin da ya gaya wa Hajiya, tana kwaikwayon muryarsa: "Yaron nan ko an ba shi fili ba ya gudu. Yini guda ina kallo, duk wanda ya matso sai ya miƙa hannu ya ba shi hanya, har tsohuwa, kuma ya fito yana dariya. A ba shi."

Na daɗe ban san ko yabo ne ko zagi ba. Yanzu idan na tuna, abin da ke ba ni dariya shi ne na yi ta ɓoye wa Baba gudun da ban ma iya ba, abin da na ji kunyarsa ranar kuma shi ya ba ni mata. Na ci gaba da zuwa filin lokaci-lokaci, har na kai matsayin da ake ba ni hanya, amma Baba bai taɓa yarda da wannan labarin ba. Jar motar ta tafi da aka fara haihuwa, don kujera biyu ba ta ɗaukar iyali.

Baba ya tsufa yanzu, ya daina tuƙi, ni nake kai shi masallaci ranar Juma'a. Yana zaune a gefena yana lura da madubi. Da ya ga mota ta matso bayanmu, sai ya sauke gilashi ya fitar da hannu da kansa, ya juya ya ce wa jikokinsa, "Bari ya wuce. Ubanku ba ya gudu, shi ya sa na ba shi uwarku."