Anestis Mai Gyaran Firiji da Jirgin da Ya Ɓoye

Duk wanda firijinsa ya mutu a unguwarmu ta bayan kasuwar kifi a Kavala, Anestis yake kira. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da ɗan sukudireba a aljihun rigarsa, kuma in ya yi maka gyara ba ka sake nemansa sai dai gaisuwa. Aibinsa ɗaya, bai yarda da kowa ba. Ni ke da shagon gahawar da ke kwanar layinsu. Tun ina saurayi nake zuba masa, amma bai taɓa ɗaga kofi ba sai ya leƙa ciki ya ce, "Lefteris, ka haɗa da ragowar jiya ko?" In rediyo ya ce gobe za a yi ruwa, sai ya ce masu sayar da laima ne suka biya su.

A wurin kakarsa ya sha wannan hali. Ita ce ta tsallako teku a gudun hijira da 'yan kunnenta ɗinke a gefen riga, ta rene shi da magana ɗaya: wanda ya yi maka murmushi kafin ya san sunanka, duba aljihunka.

Mutum biyu kawai ya ɗaga wa ƙafa a duniya. Ɗaya matarsa Lemonia, ɗaya kuma Argiris mai shagon fenti, wanda ya tsaya musu a coci ranar aurensu, shi ya sa suke kiran juna kumbare. Bayan su sai wani ƙaramin jirgin katako na kamun kifi da ya gada a wurin mahaifinsa. Kowace Lahadi bayan coci shi da Argiris za su fita teku, su dawo da abin da bai kai cikon faranti ba, suna musu a kan wanda ya kori kifin.

Za ka ce irin wannan mutum ba zai taɓa faɗawa bashi ba. Ai kuwa da fari haka ne. A shekarun da kuɗi ke yawo a gari, bankuna suna bugo wa mutane waya suna roƙonsu su karɓi katin bashi, Anestis sai ya ce musu, "In kyauta ce, ku ba uwarku." Amma 'yarsa Stavrula ta samu gurbin karatu a Tasalonika, ga kuɗin haya ga na littattafai, motar aikinsa kuma ta kwanta. Ya karɓi kati ɗaya yana cewa shi ne zai yi wa banki wayo, zai riƙa biya kafin kuɗin ruwa ya hau. Ya yi hakan na ɗan lokaci. Daga nan Lemonia ta kwanta aka yi mata aiki a ƙugu, ya karɓi na biyu.

Sai tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Otal-otal da masu kifin da yake wa aiki suka koma ba shi haƙuri maimakon kuɗi. Ya fara cirewa daga wannan kati ya toshe wancan, har katunan suka zama huɗu, kowanne na neman wuyansa.

Ba wanda ya gaya mana, amma mun gane. Wayarsa za ta yi ƙara yana tsakiyar karta, ya duba, ya kife ta a kan tebur. Can kuma ta sake. Wata rana suka bugo wa shagona, wata yarinya mai zaƙin murya tana tambaya ko na san inda kir Anestis, wato malam Anestis, yake, wai daga ofishin karɓar bashi. Da na gaya masa sai ya ƙura mini ido.

"Wa ya ba su lambarka?"

"Tana jikin allon ƙofa, kir Anestis."

"To wa ya gaya musu nan nake zama?"

Tun daga ranar ya daina zama kusa da taga, ya kuma daina amsa gaisuwar mai kawo wasiƙu.

Lemonia ce ta fara kawo zancen kotu. A lokacin an yi wata doka domin magidantan da bashi ya fi ƙarfinsu: ka je gaban alƙali ka bayyana cewa ka karye, ka faɗi duk abin da ka mallaka, a yanka maka abin da za ka iya biya duk wata na wasu shekaru, gidan da kake kwana ya tsira, sauran bashin a yafe. Ta ja shi wurin wata matashiyar lauya mai suna Zinovia. Ya dawo shagona yana huci.

"Ka san inda ofishinta yake? Saman banki! Bene ɗaya suke hawa. Wai in rubuta mata duk abin da nake da shi. Kura ce ke tambayar akuya inda take kwana."

"Haya ce ta fi araha a can," in ji wani daga cikin 'yan karta.

"Kai ma nawa suka ba ka?"

Abin da ya fi ci masa rai ba lauyar ba ce, kalmar ce. Ya tsaya a gaban mutane ya ce ya karye, shi da ko sisin wani bai taɓa ci ba. Ya yi watanni yana juya maganar. Yau ya ce zai je, gobe ya ce tarko ne gwamnati ta ɗana don ta san wanda ke da me.

Ana cikin haka wani mutum mai suna Fondas ya fara zuwa shagona. Ba ɗan unguwa ba ne. Dogo ne mai tsabta, da jakar fata a hammata, yana cewa ya yi aiki a banki har ya ga ƙazantar da ta sa ya ajiye. Bai taɓa yi wa Anestis murmushi ba. Zama kawai yake yi yana zagin bankuna, da lauyoyi, da alƙalai, da gwamnati. Na ga Anestis yana matsar da kujerarsa kaɗan-kaɗan, har ranar da ya ce in kawo wa baƙon gahawa a kuɗinsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Wannan ya san duniya," ya ce da ni.

"Me ya sani? Abin da kake faɗa ne yake maimaita maka."

Bai saurare ni ba. Fondas ya ce masa zuwa kotu ba laifi, amma wawa ne kawai ke shiga da kayansa a hannu. Jirgin nan, in ka rubuta shi, sayar da shi za su yi. Ka mayar da shi sunan wanda ka yarda da shi, ka jira ƙura ta lafa, sannan ka shiga kotu hannu rabbana. Shi zai shirya takardun, a ba shi ladansa. Lemonia ta ce ita ba ta yarda da mutumin ba, takalminsa ya fi ƙarfin marar aiki. Anestis ya ce mata ta bar maganar maza. Ya sayar da injin waldarsa ya biya Fondas, jirgi ya koma sunan Argiris.

Abin da na lura da shi, Argiris bai so ba. A shagona aka yi maganar. Ya yi ta murza hularsa yana cewa, "Kumbare, ka nemi wani mana. Ka sa sunan Stavrula."

"Sunan 'yata ai nan za su fara dubawa. Ko kana tsoron amana ne?"

Argiris ya sa hannu a takardar.

Daga ranar Anestis bai sake samun sukuni ba. Abin da ya ɓoye wa banki sai ya koma gadinsa daga amininsa. Da safe kafin ya tafi aiki sai ya bi ta bakin ruwa ya duba yadda aka ɗaure igiya. Ya ce an taɓa ragarsa. Ya ce man da ke tanki ya ragu. Ranar Lahadi Argiris ya ce ba ya jin daɗi, ba zai fita ba, ta gaba ma haka. In suka haɗu a hanya Argiris sai ya gaisa a tsaitsaye ya wuce.

"Ka ga idonsa?" Anestis ya ce da ni. "Ba ya iya kallona. Ya samu mai saye."

"Haba, kir Anestis. Mutumin da ya riƙe muku rawanin da ake ɗora wa ango da amarya a coci?"

"Yahuda ma da ya ci amanar ubangidansa, a tebur ɗaya suka ci abinci."

Shi kuwa Fondas tun da ya karɓi kuɗinsa zuwansa ya ragu, daga baya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya, lambarsa ma ta daina shiga.

Da takardar gargaɗi ta zo daga banki a kan gidansu, Lemonia ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ce masa ko ya bi ta wurin lauya ko ta tafi ita kaɗai ta faɗi komai. Ya bi ta. Ita ce ta ba matata labarin abin da ya faru a can. Zinovia ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaya ko akwai abin da ya fita daga hannunsa a 'yan shekarun nan. Anestis ya ce babu. Lemonia ta ce akwai.

Lauyar ta ajiye alƙalaminta. "Kir Anestis, jirgi yana da rajista. Lauyoyin banki za su gani kafin mu zauna. In alƙali ya gane ka ɓoye dukiya, zai yi watsi da ƙararka, gidan ma ba zai tsira ba. Ka je ka dawo da shi sunanka, mu rubuta shi da hannunmu."

"Ke kuma me za ki samu?"

"Kuɗin aikina, wanda na san kaɗan-kaɗan za ka biya, in ma ka biya."

Lemonia ta ce a nan ne ta ga ya sauko, don bai saba jin wanda yake zargi ya ba shi amsa kai tsaye ba.

Daga ofishin bai tsaya ko'ina ba sai shagon fenti. Ya tarar da rabin kantocin babu kaya, Argiris na zaune a kan wata gwangwani. Ni ban je ba, amma mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da shagon ya ji komai, kafin la'asar kuwa duk unguwa ta ji.

"Kumbare, na zo karɓar jirgina."

Argiris ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Ba ya hannuna."

"Na faɗa! Nawa aka ba ka?"

"Ko yuro ɗaya. Banki ya riƙe shi, kumbare. Nawa bankin, ba naka ba."

Ashe Argiris ya fi shi nutsewa. Bashin shago, bashin kati, har da na haraji, ya shekara biyu yana ɓoyewa, ko matarsa ba ta san iyakarsa ba. Ba shi da komai da sunansa da za a kama, sai ga jirgi ya faɗo cikin rajista. Masu binsa bashi suka yi caraf suka riƙe.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ce ka nemi wani. Sau nawa na faɗa?"

"Ka ce in nemi wani, ba ka ce ka karye ba!"

"Kai ka taɓa faɗa da bakinka? Da wane baki ni zan faɗa?"

Mai gyaran takalmi ya ce daga nan sai ya ga Anestis ya fito ya kama hanya.

Ya shigar da ƙarar. Ya jira zaman kotu har ya gaji da jira, don masu irin matsalarsa sun cika gari. Ranar da aka kira shi na rufe shago na raka su. Lauyan banki ya taso da maganar jirgi tun kafin a yi nisa, amma Zinovia ta riga ta rubuta komai a cikin ƙarar. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaye shi me ya sa ya yi haka. Ya miƙe ya ce, "Na mahaifina ne, ranki ya daɗe. Na ji tsoro. Na ɓoye shi a inda na ga ya fi aminci, sai aka ɗauke shi daga can." Ta dube shi ta saman tabarau, ta yi rubutu. Ba ta kori ƙarar ba, amma ta ɗora masa biyan wata-wata da ya fi wanda lauyarsa ta nema. Gidan ya tsira.

An yi gwanjon jirgin don biyan bashin Argiris. Wani kamfani ne da ba wanda ya san shi ya saya, aka ja shi zuwa tsibirin Tasos. Wani masunci ya rantse cewa ya ga Fondas a cikinsa da rani yana yawo da baƙi masu yawon buɗe ido. Wani kuma ya ce ƙarya ne, mutumin kama kawai suka yi. Anestis ya ɗauki maganar masuncin, ya kuma ƙara da cewa tun asali Fondas ya san halin da Argiris ke ciki. Ko Argiris ya san Fondas kafin ya fara zuwa shagona? Wannan tambayar ya yi mini ita ya fi a ƙirga.

Argiris ya rufe shago ya bi ɗansa Jamus, yana aikin fenti a gidajen mutane da tsufansa. Ba su yi sallama ba. Da Stavrula ta tashi aure, Lemonia ta aika masa da katin gayyata ba tare da ta tambayi mijinta ba. Bai zo ba, amma ya aiko da injin wanki, sabo fil a kwalinsa. Anestis ya hana a kunna shi sai da ya kwance bayansa ya duba ko'ina. Da ya gama ya mayar da sukurorin, ya goge hannu a wando, ya ce da 'yarsa, "Mai kyau ne. Ki rubuta masa ki ce ya iso."