Masarar da na sa kawuna ya shuka

Ko da na manta komai na aikin gona, damina guda ba za ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a wata ƙungiyar manoma a Sokodé, kaina cike da karatu, ina ganin babu kamata.

Aka ba ni sabon irin masara in gwada. Tsarin ba wuya: fili huɗu, sabon iri da taki, sabon iri ba taki, tsohon iri da taki, tsohon iri ba taki. Kuma dole a yi duka huɗun a Sokodé, a sake yin su a Dapaong. To, hanya da nisa, ni kuwa ga son jiki. Sai na shuka sabon irin duka a Sokodé, na aika Dapaong a shuka tsohon. Na ce ai masara masara ce.

Da kaka ta Sokodé ta yi kyau ƙwarai, ta Dapaong kuwa sai a hankali. Na rubuta cewa sabon iri ya yi nasara. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko irin ne, ko kuwa ruwan sama, wanda kowa ya san ya fi sauka a Sokodé.

Kawuna manomi ne a Dapaong. Na kai masa buhun sabon irin ina ta cika baki. Ya ce, "Ɗana, ka tabbata? Namu ya san ƙasar nan." Na ce, "Kawu, bincike ne fa, an gwada." Ya yarda da ni har ya niƙe irin da ya ajiye a rumbu, aka yi tuwo da shi.

Da damina ta zagayo ya shuka sabon irin, sai ruwa ya ɗauke da wuri. Tsohon irin maƙwabta ya riga ya nuna, na kawu ko goyo bai gama ba. Da na je, na tarar da shi tsaye cikin busassun kara. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "A ofis ɗinku, a ina aka gwada shi?" Na sunkuyar da kai na ce Sokodé. Kunya ta hana ni cin abincin gidan.

Shekarar nan awo ya yi ta yi, mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba. Tun ranar na koyi cewa in za ka gwada abu biyu, ka sa su ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, domin gajeriyar hanyar da ka bi, wani ne zai kwana da yunwa a kanta.