Ramin da Aka Ba Mu Kyauta

Har yau idan na ji a rediyo an ce wani kamfani ya yi wa jama'a alheri, raina ɓaci yake yi. Na ga irin alherin nan da idona, a gonar babana aka yi shi.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato ne, sojoji na mulki. Ni ina ɗinki a kasuwar Ƙauran Namoda, Baba yana ƙauyenmu a kan hanyar Zurmi. Gona ɗaya gare shi ta kirki, ta gado, wadda ya yi shekaru yana kai mata taki a kan jaki har ƙasarta ta yi baƙi. Geronta muke ci. Sai kamfanin da aka ba aikin titi ya gano akwai marmara a ƙarƙashinta. Suka zo da mai unguwa suka ce aro ne: za su ture baƙar ƙasar gefe, su ɗebi abin da suke so, su cike ramin, su mai da gona yadda suka same ta. Baba ya yarda, don shi mutum ne da in ka ce masa wallahi, magana ta ƙare.

Katafila ta shiga da rani. Tifofi suka yi ta jida har ramin ya kai raƙumi ya tsaya ciki ba a ganin kansa. Titi ya ƙare, damina ta sauka, rami ya cika da jan ruwa.

A lokacin gwamnati ta matsa wa 'yan kwangila cewa duk wanda ya ci aiki a wuri ya bar wa mutanen wurin abin amfani, rijiya ko aji ko ɗakin shan magani, kuma za a tuna da shi wajen rabon aiki na gaba. Ni ban ga laifin wannan ba. Amma wani mai wayon tsiya a kamfanin ya dubi ramin nan ya ga ai ga abin amfani a kwance. Suka tattara baƙar ƙasar Baba suka yi ganuwa da ita a bakin ruwa, suka kafa allo: madatsar ruwa, kyautar kamfani ga al'umma. Shi ke nan, maganar cikewa ta mutu. Wa zai cike kyauta?

Har biki aka yi. Na rufe shago na zo. Ga rumfa, ga lemon kwalba, ga manya ana ta tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da aka zaunar da Baba a sahun gaba, aka yabe shi wai ya sadaukar da gonarsa. Ya juyo ya ce mini, "Kai, mi anka ce na ba su? Ni aro na sani." Ruwan kuwa kafin tsakiyar rani ya ƙafe, sauro da kwaɗi kaɗai suka more shi.

Baba bai kai ƙara ba. Ya ɗora wa jakinsa mangala, ya fara kwasar ƙasa daga ganuwar yana zubawa ta gefen da ramin bai yi zurfi ba, ko ya sami wurin shuka. Na ce ya bari, aikin ya fi ƙarfin jaki. Ya ce, "Ƙasata ta, ɗana. Wurinta nika mai da ita."

Bai yi nisa ba, wata rana ina gida, wani ma'aikacin hukuma ya zo a kan babur da ɗan sanda a baya. Ma'aikacin bai kai ni shekaru ba, ko sallama bai yi wa tsohon ba. Ya nuna allon ya ce, "Ba ka ga wanga ba? Kayan jama'a na kaka ɓatawa." Na tsani mutumin nan, har yau ban huce ba.

Aka sa Baba ya mai da ƙasar kan ganuwa, mangala bayan mangala, mutanen gari na kallo. Na ɗauki shebur zan taya shi, ya hana ni. Daga shekarar har ya rasu, a kasuwar Ƙaura nake auno masa gero, kuma bai taɓa sa hannu a tuwon ba sai ya tambaye ni na gonar wa ne.