Dawo-Jibi Ta Rataye Farar Riga

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ɗakin gwaji na asibitinmu, ta zura farar riga, tana leƙa 'yan farantanta a akwatin ɗumi kamar mai duba kaji a akurki. Shekara talatin da ɗaya aikinta ke nan: a kawo fitsari, ta shafa a faranti, ta jira ƙwayar cuta ta tsiro, sannan ta jera mata magunguna ta ga wanda zai kashe ta. Abin na cin kwanaki, shi ya sa muke kiranta Dawo-Jibi. Ko a jikinta.

Ni dai gwaggona ce ta haɗa mu. Wata huɗu tana fama da zafin fitsari. Duk wadda ta zo dubiya sai ta zaro ragowar kafso daga jaka, Gwaggo ta sha kwana biyu, da ta ji dama-dama ta watsar. Har ciwon ya hau kwiɓi, ga zazzaɓi, likita ya ce ƙodarta yake jiye wa.

Muka kai fitsari a kwalbar man gashi, wai Gwaggo ta wanke ta tas.

"Haba Inna, ai kwalbar nan ta fi ki ciwo!" in ji Dawo-Jibi tana dariya. "Ungo tamu. Ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya."

"'Yar nan, ki ce a yi min allura kawai mana."

"Wace allurar? Sai na ga fuskar mai laifin tukuna."

Ranar sakamako ta nuna min farantin. Magani bakwai ta gwada, ƙwayar ta bi ta kan shida, ɗaya tal ta ji tsoronsa.

Dawo-Jibi, ke ce ba ki bar takardar sakamakon ta kwana a tire ba, da ƙafarki kika kai wa likita. Ke ce kika tsare Gwaggo da ido har ta rantse za ta shanye maganin duka. Mai ido a kan abin da ido ba ya gani, mun gode, Allah ya ba da hutun ritaya mai albarka.

Masu tasowa a aikin nan, ku koyi haƙurinta. Mu kuma 'yan dubiya, don Allah mu daina rabon kafso kamar alewa.

Jiya Gwaggo ta ce in gaishe ki. Tana nan da ƙodarta biyu, tana tsakar gida tana zabga wa jikoki faɗa.