Malam Abdurrahim da Ɗinkin Bawa

Duk wanda ya taɓa zama a layin su Malam Abdurrahim a Unguwar Sarki ya san shigarsa tun kafin ya san sunansa. Dogo ne siriri, ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a ofishin ajiyar fayil na wata ma'aikatar jiha, kuma babu wanda zai ce ya taɓa ganinsa cikin tufa mai ɗaukar ido. Kaftani ne na yadin auduga mai laushi, ya ɗan wuce gwiwa, da wando irinsa. Launukansa ba su wuce huɗu ba: fari, toka-toka, ruwan ƙasa mai haske, sai wani shuɗi mai sanyi. A wuyan rigar zare ɗaya ne tal, kalar yadin, sai ka matso kusa za ka lura da shi. Ƙaramar hula, takalmin fata sau-ciki, turare ɗan kaɗan. Shi ke nan.

Idan bazara ta kama, kwalta na turiri tun ƙarfe goma na safe, abokan aikinsa sukan shigo ofis cikin shadda mai sitati, ta jiƙe sharkaf ta manne musu a gadon baya, suna fifita da fayil suna tsinewa masu wutar lantarki. Shi kuwa yana zaune a teburinsa, iska na ratsa rigarsa, har a tashi aiki karin gugarsa bai karye ba. Matarsa Safara'u ce ke yi masa gugar da hannunta, in babu wuta ta hura gawayi, domin ba ya yarda a kai wa masu wanki da guga, su cika masa kaya da sitati.

Mutum ɗaya ne ke yi masa ɗinki, Bawa tela, Bakatsine mai ƙaramin shago a Babbar Kasuwa. Bawa ba mai yawan magana ba ne. Yakan murza yadi tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi ya hango haske ta cikinsa, sannan ya ce, "Wannan zai sha iska," ko kuma ya ajiye ya ce, "Wannan roba ce, Malam, dafa ka zai yi." Tun suna samari suka saba. Bawa ya san kafaɗar Abdurrahim ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, yana gyara ta a yanka ba tare da ya taɓa faɗa masa ba. In ka juya rigar da Bawa ya ɗinka, cikinta tsaf yake kamar wajenta, babu zare ko ɗaya da ke lilo.

A ma'aikata dai wannan shiga ba ta tsinana masa komai ba. Shi ne ya san inda kowace takarda take, shi ake tasowa idan fayil ya ɓata. Amma da aka tashi zaɓen wanda zai raka babban sakatare wani taro a Abuja, tafiyar da kowa ya san ƙarin girma ke biyo bayanta, sai aka ɗauki wani da ya zo bayansa da shekara takwas, mai yawo da babbar riga ko ranar Talata. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi gefe ya gaya masa.

"Oga ya ce aikinka ba shi da na biyu. Amma wai ana son wanda zai cika ido."

Abdurrahim ya yi murmushi, ya koma teburinsa. Da ya isa gida bai iya cin abinci ba. Safara'u ta lallaɓa shi ta ce ko zai sa Bawa ya yi masa babbar riga ko da guda biyu ne, saboda irin wannan rana.

"Da riga zan nemo musu fayil?" ya ce. Ba ta sake tayar da zancen ba. Haka ya yi ritaya a kujerar da ya daɗe a kanta, aka ba shi agogon bango da takardar yabo.

'Ya'yansa huɗu, uku mata duk sun yi aure, sai autansa Sharhabil, shi kaɗai ne namiji. Sharhabil ya samu aiki a kamfanin wani ɗan kwangila da ke Mando, ya shiga cikin masu kuɗi, har ya nemi auren 'yar maigidan nasa aka ba shi. Aka sa ɗaurin aure wata Juma'a a tsakiyar Afrilu.

Malam Abdurrahim ya yi murna ƙwarai. Wata biyu kafin ranar, shi da Bawa suka zaga layin 'yan yadi sau uku kafin su dace da wanda ya kwanta musu, wani yadi ruwan madara, marar nauyi, mai ɗan sheƙi a ɓoye. Bawa, wanda idonsa ya fara rauni, ya ture duk sauran ɗinkunan da ke gabansa. Wuyan rigar da hannu ya yi shi, da allura, yana zama a bakin shago inda haske ya fi yawa. Ranar da Abdurrahim ya gwada ta, Bawa ya ja da baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Malam. Ban jin zan ƙara yin kamar wannan."

Ana saura kwana biyu Sharhabil ya shigo gidan da wata ƙatuwar jaka. Ya durƙusa ya gaida uban, ya buɗe. Babbar riga ce ta shadda ruwan zinare, aiki tun daga ƙirji har gadon baya, da 'yar ciki da wando da doguwar hula. Da Abdurrahim ya ɗaga ta sai da hannunsa ya sauka saboda nauyi.

"Baba, wannan za ka sa ranar Juma'a."

"Ai na yi ɗinki. Bawa ya gama tun makon jiya."

Sharhabil ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. "Na gani, Baba, Umma ta nuna mini. Yana da kyau. Amma mutanen nan manya ne, har da kwamishinoni za su zo. Kada su ɗauka..."

"Su ɗauka me?"

"Kada su ɗauka ba mu da shi ne."

Abdurrahim ya dubi ɗansa. Shi ya riƙa kai shi makaranta a bayan babur cikin irin wannan kaftani, shi ya tsaya a gefensa ranar da ya karɓi digiri cikin irin wannan kaftani. Ashe duk tsawon lokacin nan yaron kunya yake ji. Ya yunƙura zai mayar masa da magana, amma ya hango Safara'u a bakin ƙofar ɗaki tana roƙonsa da ido. Sai ya ce, "Ajiye ta nan. Allah ya yi albarka."

Ranar Juma'a rana ta buɗe kamar da gayya. Masallacin ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har waje, kuma wajen Malam Abdurrahim ya samu, sanye da babbar rigar nan. Tun kafin a tayar da salla gumi ya jiƙe 'yar cikin, zaren aikin yana cizonsa a ƙirji, hannun rigar yana zamewa daga kafaɗarsa yana ta maida shi, domin bai saba ba. Da aka shafa fatiha maroƙi ya fara shela, jama'a suka yo kansa da musabaha. Cikin masu miƙo hannu sai ga Bawa, cikin wankakken farin kaftaninsa, ya hawo Keke Napep tun daga kasuwa don ya ga rigarsa a jikin mai ita. Ya ƙanƙance ido ya dubi babbar rigar daga sama har ƙasa.

"Au, Malam, kai ne? Wallahi ban gane ka ba. Allah ya sanya alheri."

Ya saki hannunsa ya shige cikin jama'a. Abdurrahim ya buɗe baki zai kira shi, sai ya ji ƙasa na juyawa. Wani maƙwabcinsa ne ya tare shi, aka kai shi cikin mota aka kunna masa sanyi, aka cire masa rigar ana yayyafa masa ruwa. Kafin ya dawo hayyacinsa an gama ɗaukar hotuna, manyan baƙi sun shiga motocinsu. Da aka kawo kundin hotunan biki bayan wata guda, Safara'u ta buɗe shafi bayan shafi tana nema. Ga ango, ga surukinsa, ga kwamishinoni. Uban ango ba ya ciki ko sau ɗaya.

Ya yi niyyar zuwa kasuwa ya yi wa Bawa bayani. Sau biyu yana shiryawa, sau biyu yana fasawa a bakin titi, domin bai san yadda zai ce ɗansa ne ya raina ɗinkin ba, kuma shi ya biye masa. Ya ce bari a kwana biyu abin ya huce. Da damina ta wuce ya daure ya je, sai ya tarar da mai sayar da cajar waya a shagon. Maƙwabta suka ce idon Bawa ya ƙi, 'ya'yansa sun zo sun maida shi gida Malumfashi. Ya karɓi lambar wayar ɗan Bawa a takarda, ya sa a aljihu, kullum yana cewa gobe zai kira. Bayan azumi labarin rasuwar Bawa ya iso shi, a bakin wani ɗan yadi, har an yi sadakar bakwai.

Daga nan ya gwada teloli uku. Na farko ya cika masa wuya da aikin inji duk da ya hana shi. Na biyu ya matse rigar kamar ta ɗan makaranta. Na uku ya ce masa, "Baba, wannan yayin ai ya wuce." Ya haƙura, ya ci gaba da sa tsofaffin, Safara'u na bin wuyansu da allura duk inda ya fara lalacewa.

Shekara huɗu bayan bikin, ranar wata Asabar da la'asar, Sharhabil ya zo gaisuwa. Yana fitowa daga mota uban ya tsaya kallonsa. Kaftani ne toka-toka na yadi marar nauyi, babu aiki ko kaɗan sai siririn zare a wuya, da ƙaramar hula.

"Baba, ka ga abin da ake yayi yanzu," in ji Sharhabil yana juyawa don a gani da kyau. "Manyan mutane duk sun daina kayan nauyin nan. Wani mai ɗinki ne a Abuja ya fito da shi, sai ka yi wata biyu kana jiran layi. Ya ce mai abin gaske ba ya buƙatar tufarsa ta yi masa shela. Ga shi ba zafi, wallahi kamar ba ka sa komai ba."

Yana magana yana dariya, da zuciya ɗaya. Abdurrahim ya jira ko yaron zai dubi abin da ke jikin ubansa ya tuna wani abu. Bai tuna ba. Ko kusa zancen bai zo masa a rai ba, kuma wannan ne ya fi yi wa tsohon ciwo fiye da maganar da aka yi kafin biki. Ya miƙa hannu ya kama gefen rigar, ya juya cikinta. Zaruruwa na lilo, ɗinkin ya karkace a wajen aljihu.

"Ya yi kyau," ya ce, ya saki.

"Zan sa ya yi maka, Baba. Ba sai ka je ba, zan tura masa hotonka ya ƙiyasta awonka."

Tun daga lokacin, duk Salla sai an aiko wa Malam Abdurrahim ɗinki daga Abuja, cikin kwali mai tambari. Yakan sa ya je Idi, saboda Sharhabil na zuwa ya ɗauke shi a mota, jikoki kuma na son hoto da kakansu. Mutanen layi sukan ce, "Kai, Malam, yaron nan yana ji da kai." Yakan amsa da "Alhamdu lillahi."

A Sallar da ta wuce, suna dawowa daga Idi ya shige ɗaki ya cire rigar tun kafin a kawo abinci, ya zauna a bakin gado da singileti. Hammatar rigar ta yi masa jan sawu a fata. Safara'u ta ɗauki rigar tana ninkewa.

"Malam, ko in gaya masa tana matse ka a hammata? Ai sai ya sa a buɗa."

"Bar shi," ya ce. "Kawo mini ruwa in sha."