Alalen Lahadi a Barnawa

Ni da na yi ciniki a Kwatano, na yi gardama da 'yan kwastan a Duwala da Faransancin da ban iya ba, wai alale ne ya ɗaure mini baki a Barnawa.

'Yata ta daɗe da aure kafin Allah ya ba ta ciki. A wajen awo likita ya ja mata kunne, ta bar cin abin da aka dafa a leda, don zafi kan sa ledar ta saki wasu sinadarai masu iya rikita aikin jiki, har su taɓa abin da ke cikin. To uwar mijinta kuwa, kowace Lahadi bayan coci sai ta hau keke daga Makera da kula cike da alalen leda, yana tururi, wai na mai ciki ne. Yarinya ba ta iya ce wa suruka a'a. Mijin ya ce shi kam ba da shi ba. Sai aka ce Baba mai baki ya yi magana.

Na zo, na zauna, na gyara murya. Matar nan ta buɗe kula tana ba ni labarin yadda ta surfa waken da kanta duk da ciwon kafaɗa. Kawai sai na ji bakina yana cewa a miƙo in ɗanɗana. Na ɗanɗana har ƙasan kula. A ganina dabara ke nan. Lahadi ta zagayo, na sake. Ta ƙara yawan alalen, na ƙara buɗe ciki, ni da wake bai taɓa barina lafiya ba.

Ashe magana ta kai zumuntar mata. Wata tsohuwa ta tare ni a ƙofar coci, gaban jama'a, ta tambaye ni cikin nawa wata nawa ne yanzu.

Ranar na faɗa wa surukar gaskiya, ina kallon takalmina. Sai ta ce, "Haba Baba. Ai a ganye na tashi ina yi. Na ɗauka mutanen Barnawa za su raina ganye ne. A kan jikana za ka yi mini kara?"

Lahadi ta sake zagayowa. Da ta zo da na ganye, sai ta jawo kujera tsakanina da 'yata, ta rungume kular a cinya, ba ta tashi ba sai da yarinyar ta ƙoshi.